Awakin Zauren Waya

Abin ya faro ne shekarar da aka kafa dogon ƙarfen rezo mai kamo maganar waya a bayan kasuwar Gangara, bayan farin da suka sauka mana a gero yana cikin fidda kai. Wasu suna cewa a'a, shekarar da rijiyar yamma ta rufta ce. Waɗannan ba su da riƙo. Rijiya ta rufta ina da haƙoran taunar goro, ƙarfen rezo kuwa ya tashi sai na goga goro a magogi kafin in sa a baki. Ni na san abin da nake faɗa.

A shekarar ne ɗiyar ƙanena ta dawo gida. A hannuna aka yaye ta, don haka ina da bakin magana a kanta. Ta yi lakkol, wato makarantar boko, a Damagaram, ta wuce Yamai, ta yi aure ta hayayyafa, ta dawo mana da gilashi a ido da wasu maza biyu abokan aikinta. Suka kama ɗaki a Tanut bayan tasha, suka ce biro ne, wato ofis. Ranar da ta zo gaishe ni na tambaye ta me suke ƙerawa a ɗakin, tunda ba a jin ƙarar guduma.

Ta ce, "Goggo, in mutum zai shiga gida ta ina yake bi?"

Na ce, "In ba ɓarawo ba ne, ta zaure."

Ta ce, "To duniyar da ke cikin waya ma haka take. Duk abin da kike nema a ciki, sai kin bi ta zaure. Manyan kamfanoni suna da nasu, amma kowane akwai wanda ke zaune a ciki ba ki ganinsa. Yana lura da gidan da kika shiga da abin da kika tambaya, ya je ya sayar da labarinki."

Na ce, "Wato munafuki aka ɗauka aiki."

Ta yi dariya ta ce nasu zauren ba kowa a ciki, kuma magana zai riƙa yi da baki, saboda irinmu da ba mu san baƙi ba. Na ce nawa za a riƙa biya? Ta ce kyauta ne. Na ce ku kuma fa? Ta gyara gilashi ta ce su ƙungiya ce, ba riba suke nema ba.

Na ce, "Ƴar nan, ban tambaye ki riba ba. Tuwo na tambaye ki."

Ta ce akwai furoje, wato shirin tallafi na Turawa, da ya ɗauki nauyinsu. Na ga furoje iri-iri a Damargu. Na ga na itatuwa, na ga na murhu, na ga na kajin da ba su san rana ba. Kowane yana zuwa da farar mota da allo, ranar da zai tafi ya tafi da motar ya bar mana allon.

Abin da ya kawo ta wurina murya ce. Sun gwada wani mai karanta labarai a rediyo, mutane suka ce in ya yi magana sai gabansu ya faɗi, su ɗauka sanarwar rasuwa ce. To wa ya rage? Ni ce ake tasowa daga Falanko ranar suna don a ji labari a bakina. Amma wanda ke rubuta mini wannan ya rubuta da kyau: ni ba zabiya ba ce. Ban taɓa buɗe baki don a miƙo mini wani abu ba, ban taɓa wasa mai kuɗi ba. Ubana manomi ne, uwata Babarbariya ce mai tsagu har ƙasa, kuma a gidanmu hannu sama yake, ba ƙasa ba.

Suka kai ni Tanut, suka sa ni a ɗaki an jingine katifu a bango, suka ce in yi ta faɗa. "Sannu da zuwa, ina aka nufa?" "Yi haƙuri, rezo ya tafi kiwo." "Wannan gidan ban yarda da shi ba, kada ka ba su lambarka." Rabin maganganun nawa ne, don waɗanda suka shirya mini ba gishiri.

Kafin a ci sabon gero muryata ta riga ni zuwa inda ƙafata ba ta taɓa takawa ba. Makiyayan Belbeji suna tambayata farashin tumaki da labarin hadari. Matan Ollelewa suna tambayata zazzaɓin yara. Wani dattijo ya tare ni a wurin gaisuwar mutuwa ya ce shi fa akwai tambayoyin da ya kasa yi, don da ya ji muryata sai kunya ta kama shi. Na ce, "Malam, ka ci gaba da jin kunyar, alheri ce gare ka." Aka sa mini suna tsohuwar waya. Ban so ba a baki, amma a zuci na ji daɗi.

Ashe zauren nan ciki gare shi. Akwai wasu injuna a wata ƙasa mai nisa, a ɗaki mai sanyi, su ke riƙe da shi, kuma haya ake biya duk wata. Ga masu gyara shi, su ma da iyali. Kamar doki ne a turke, ko an hau ko ba a hau ba sai ya ci. Ana nan furoje ya yi abin da furoje ya saba. Aka zo aka yi hoto, aka yi tafi, mota ta juya.

Kafin ta juya sun yi mana wani alheri. Suka shirya taro a zauren mairi, ofishin hukumar gari, taro irin wanda ake ce wa atiliye, a kan yadda abu zai ɗore bayan mai shi ya janye hannu. Aka kawo gwani daga Yamai, mutum mai tumbi da kwat a tsakiyar bazara. Ya liƙa manyan takardu a bango, ya zana ƙwai ya ja kibiya zuwa wani ƙwan, ya ja wata ta dawo inda ta fito. Muka ci kaji da makaroni, aka ba kowa ambulan na wahalar zama. Da aka tashi, shawarar da aka yanke ita ce akwai buƙatar wani taron. Na ja ɗiyata gefe na ce, "Kajin nan da ambulan ɗin nan, ba su ciyar da dokinku har kaka?"

Ta ce, "Suna ciyarwa, Goggo. Amma ba tukunya ɗaya ba ce. Kuɗin zancen yunwa daban, kuɗin abinci daban, kuma doka ta hana a haɗa."

Na ce Allah ya ƙara wa doka lafiya.

Sai ga Alhaji. Babban ɗan kasuwa ne a Tanut, mai dusa da ƙwayar auduga da shayi da sukari, mutum mai fara'a da kyauta. Ya ce shi zai ɗauki hayar ɗakin sanyi da albashi duka. Abu ɗaya yake so: duk wanda ya shigo zaure, a fara biyawa da shi ta shagonsa. Ɗiyata ta zo ta durƙusa ta ce in ƙara faɗar magana ɗaya tak. Na ce wace? Ta ce, "Mu fara leƙa shagon Alhaji." Na ce wannan ai roƙo ne da sabon zane. Ta ce wata ya kusa mutuwa, masu ɗakin sanyi kuma ba su san Allah ya ba ku haƙuri ba. Na faɗa, amma da muryar da nake kiran kaza.

Daga ranar na daina shan iska a kasuwa. In na ratsa layin masu kuka da daddawa sai in ji, "Goggo, nawa buhun dusa yau?" Wata matar Ollelewa ta tsaya gabana da goyo ta ce, "Iya, tsakani da Allah. Ɗana yana zafin jiki na tambaye ki, kika kai ni wurin ƙwayar auduga. Rago na haifa?" Duk layin ya ɗauki dariya. Ni da ake yin shiru in na yi gyaran murya.

Amma zaure ya ƙoshi, ma'aikata suka yi kumatu, har aka sayi fanka. Mutum in yana ci daga hannu ɗaya, idonsa a kan hannun yake kwana. Alhaji ya yi tari, sai biro duka ya aika a gaishe shi.

Ina biro ɗin ranar da ya zo da kansa, na je a duba mini ido a likita na tsaya shan fura. Ya gaishe ni da ladabi, ya zauna ya ce da ɗiyata, "Malama, wata ƴar alfarma ce. Makiyayin da ke tambayar farashin tumaki safe da yamma, wannan hatsinsa ya ƙare, sayarwa zai yi ko nawa ne. Ina so in riƙa sanin su wane ne kafin dillalai su sani."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ajiye wannan. Ba mu san wa ya tambayi me ba."

Ya ce, "To ku fara ajiyewa mana. Ni ban ce ku yi sata ba. Zauren da nake ciyarwa, a ce ba ni da wurin shimfiɗa tabarma a cikinsa?"

Ta cire gilashi ta goge, ta mayar. Ta ce, "Ranar da wani ya zauna a ciki, ya zama irin na kowa. Ba mu da dalilin gina shi."

Alhaji bai yi fushi ba. Ya yi murmushi, ya sa aka shigo mini da sukari daga mota, ya ce Allah ya ba da sa'a. Daga wannan watan ba a sake ganin ko dalarsa ba. Aka cire maganar shagonsa daga bakina, na yi barci mai daɗi, fanka kuma aka sayar da ita.

Ɗiyata ta sake zuwa ta durƙusa. Wannan karon so take in gaya wa jama'a gaskiya, kowa ya aiko da ɗan abin da ya samu ta waya. Na ce jiya dillaliya, yau mabaraciya, gobe kuma me? Ta ce, "Goggo, in ba a samu ba, bayan girbi za a rufe. Matar da ta yi miki faɗa a kasuwa za ta koma zauren munafuki." Wannan ce ta kama ni. Na shiga tsakanin katifu. Abin da aka ce in faɗa gajere ne: abin hannunmu ya ƙare, in ba a taimaka ba, bayan girbi ba za ku ƙara jin muryata ba. To ni ban iya ba da labari a bushe ba. In na ba da labarin maraya sai mai dakan da ke bayan danga ta ajiye taɓarya. Na sassauta murya, na ja numfashi inda ya kamata, na bar ƙarshen maganar ya karye kaɗan. Ɗaya daga cikin mazan nan har ya share ido, alhali shi ya tsara maganar.

Ta waya abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Mutanenmu ba su saba ba wa iska kuɗi ba. Sai ranar kasuwar Tanut, ina zaune a ƙofar biro, na ji kukan awaki yana matsowa. Na ɗaga kai na ga wata tsohuwar Bafillatana daga wajen Belbeji, wadda na daɗe ina sayen man shanu a wurinta muna zagin juna, don kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tana jan jar akuya. Bayanta wasu Fulani, da wani Buzu mai rawani da tunkiya, da matan ƙauye biyu ko uku, kowa da igiya a hannu.

Ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa, ba dariya a fuskarta. Ta ce, "Babarbariya, ashe haka Allah ya yi da ke? Shekara da shekaru muna cin kasuwa tare, ba ki iya ja na gefe ki faɗa mini ba, sai a waya duniya ta ji?"

Na ce, "Me ya same ni?"

Ta ce, "Kin ce abin hannunki ya ƙare. Mun ji muryarki, ba muryar wasa ba ce. Ga habbanaye."

Wanda bai san daji ba bari in gaya masa. In dabbobin makiyayi suka mutu ya koma ba shi da komai, ba a ba shi sadaka, don sadaka tana karya mutum. Ara masa uwa ake yi. Ya riƙe ta ta haihu a hannunsa, ƴaƴan nasa ne, uwar kuma ya mayar wa mai ita da godiya. Wannan shi ne habbanaye. Su da suka ji tsohuwar waya tana kuka, ba su ga wata ƙungiya ba, ba su ga ɗakin sanyi ba. Tsohuwa suka gani wadda garkenta ya ƙare.

Jinina ya hau. Ni? Ni da rumbuna ko a shekarar fara bai ga ƙasansa ba? A tsakiyar Tanut, ranar kasuwa, Bafillatana ta miƙo mini igiyar tausayi? Mutane har sun fara taruwa, masu kuka da daddawa suna gaba.

Ɗiyata ta fito da sauri ta yi musu bayani, ta ce ba Goggo ba ce, ƙungiya ce ke cikin matsi, kuma in sun yarda ƙungiya za ta karɓa da godiya.

Bafillatana ta ce, "Wace ce ƙungiya? Tana da turke? Tana jin kunya? In akuyata ta rame, fuskar wa zan duba?" Buzun ya gyaɗa kai. Ta ce, "Habbanaye mutum ake ba. In tsohuwa ba ta cikin buƙata, alhamdu lillahi, mu koma da abinmu tun rana ba ta yi ba."

Ta fara juya akuyar. Ɗiyata ba ta durƙusa ba wannan karon, ta tsaya kawai tana kallon igiyoyin nan suna juyawa ɗaya bayan ɗaya. Na tuna ranar da ta ƙi alfarmar Alhaji. Ita ta mayar da mai buhu, ni kuma ga shi zan mayar da masu igiya don kada masu daddawa su yi dariya.

Na ce, "Ke, tsaya. Ku ji da kyau, rumbuna cike yake. Amma na ɗauki kayan da ya fi wuyana."

Ta ce, "Haka kowa ke cewa."

Na ce, "Kawo igiyar. Kuma ramammiya kika zaɓo mini, na gani."

Ta ce, "Ta fi ki nama."

A gidana na Gangara aka kafa turaka. Sun cinye mini zana, sun cinye harawar da na tara, wata baƙa ta cinye mini gefen sallaya. Labari ya bazu, wasu igiyoyin suka biyo baya daga Falanko da Ollelewa. In Babbar Salla ta matso a kai ƴan bunsuraye da raguna kasuwa, abin da aka samu a tura wa masu ɗakin sanyi, waɗanda har yau ba su san akuya ce ke biyansu ba. Iyaye kuma in sun cika haihuwarsu a mayar da su, da ɗan gishiri da goro.

Da furoje ke ciyar da mu, mai dubawa sau ɗaya yake zuwa, ya duba takarda ya ci kaza. Masu awaki kuwa ba sallama suke aikowa ba. Sai dai ka ga mutum a tsakar gida yana buɗe bakin akuyarsa, yana taɓa haƙarƙari, yana tambayar me ta ci jiya. In ya gama da akuya ya juyo kan zaure: don me jiya na yi jinkirin amsawa, don me ba na jin Fillanci sosai. Ɗiyata takan zauna ta saurara, ta koma Tanut su gyara. Wani mai raƙuma ya taɓa cewa tunda tunkiyarsa na ciki, a riƙa fara biyawa da mutane ta wurin raƙumansa. Na kwance tunkiyar na miƙa masa. Ko a jikin garken. Wanda ya ba ka duka in ya tafi ya tafi da duka, mai tunkiya ɗaya kuwa tunkiya ɗaya ce.

Kada a ce na ce an yi arziki. Ba a yi ba. Ɗaya daga cikin mazan ya gaji ya koma Yamai aikin albashi, ban ga laifinsa ba. Ɗiyata da safe tana koyarwa a lakkol, da yamma take aikin zaure. Shekarar da ruwa ya yi gardama awaki suka rame, zaure ma ya rame, ba sabon abu ko ɗaya da aka ƙara masa. Amma bai rufe ba, kuma ba wanda ya shimfiɗa tabarma a ciki. Al'ada kuma ta ce wanda aka ɗaga shi ma ya ɗaga wani, don haka yanzu akwai awakin zaure a hannun wata bazawara a Falanko da wani makiyayi da gobarar daji ta cinye masa kiwo.

Gwanin Yamai ya dawo, da wata farar motar. Ya zaga turaka yana toshe hanci, ya ɗauki hoto, ya raɗa wa abin wani dogon suna da Faransanci. An ce yanzu ƙasa-ƙasa yake bi yana koyar da shi a atiliye, da ƙwai da kibiya, kuma akwai hotona a bango, a ƙasa an rubuta matalauciyar tsohuwa. Ya ce in cire awarwarona kafin ya ɗauka, na ƙi, sai ya tsaya ta inda ba su fitowa.

Cikin waɗanda suka ga wannan zamani, Alhaji yana nan, ya tsufa, har yanzu yana aiko mini da sukari da azumi, kuma ta zaurenmu yake duba farashin dusa. Gwani yana nan, tumbin ya ƙaru. Buzu mai tunkiya ya rasu a hanyar Agadas. Matar da ta ce ko rago ta haifa tana nan, ɗan ya girma, ita ma ta kawo akuya daga baya. Ɗiyata tana nan, furfura ta fara fito mata. Bafillatana ta riga mu gidan gaskiya bara waccan, ta tafi tana gaya wa mutane ita ce ta tsamo Babarbariya daga yunwa, kuma duk Belbeji an yarda da ita. Jar akuyarta na mayar tun tana raye. Jikar akuyar ce a turke yanzu, ja kamar kakarta, da ni da ita muka rage a gidan.